Yaya zan mutunta ma'aikata baki ɗaya, daga hedimasta har mai gadi, ba tare da raini ya shiga ba?

Sabon Manaja, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar riƙon ma'aikata. An ɗora mini kula da wata makarantar kuɗi a nan Zariya, firamare da ƙaramar sakandare. Mu 34 ne: malamai 22, hedimasta da mataimakiyarsa, akanta, sakatariya, direbobi 2, masu gadi 2, masu shara 3, da mai raino ɗaya.

Ga abin da na tarar. Malamai suna karɓar albashi ranar 28, na ƙasa kuwa sai wajen 10 ga watan da ya kama. Duk wanda ya makara ana yanke masa naira 1,000, daga hedimasta mai 180,000 har mai shara mai 45,000. Banɗakin ma'aikata a kulle yake, makullin yana ofishin malamai. Ɗaya daga cikin masu gadin dattijo ne da ya haifi rabin malaman, amma "kai mai gadi" suke ce masa, yara ma sun ɗauka. Masu shara kuma ba sa zama, kusan kowane zango sai an nemo sabuwa.

Mai makarantar ya ce in yi hattara, wai in na sakar wa na ƙasa fuska za su hau kaina. Ta ina zan fara?

Tsohon Akawu, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da takarda da kuɗi, maganar sakin fuska ta biyo baya. Mai shara ba ta auna darajarta a wurin aiki da murmushin manaja, da ranar da albashinta ya shiga take aunawa.

Bambancin albashi ba laifi ba ne. Wanda ya yi digiri yana koyar da lissafi ba zai karɓi abin da mai riƙe tsintsiya ke karɓa ba, ita ma ta san haka, ba ta kuma jin haushi. Abin da ke cin rai shi ne a bambanta su a inda aiki bai bambanta su ba: ranar biya, hutu, yadda ake hukunci, yadda ake sallama.

Ranar biya ta zama ɗaya. In kuɗin makaranta bai gama shigowa ba har dole a biya kashi-kashi, a juya tsarin da ka tarar, a fara daga ƙasa. Yi lissafi ka gani: masu shara uku, masu gadi biyu, mai raino da direbobi biyu, mutum takwas ke nan, in ka ɗauka a kan 45,000 duka-duka 360,000 ne, albashin hedimasta na wata biyu kacal. Jinkirta wannan kuɗin ba ya ceto makaranta daga komai, amma su kwana goma sha biyun nan bashin mai shago ne da kuɗin mota. Dokar Ƙwadago ma ta ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda.

Tarar makara kuma, a ido kamar adalci ce tunda kowa 1,000. Raba ka gani. Mai 45,000 kwananta ɗaya 1,500 ne, ka kwashe mata kashi biyu cikin uku na aikin yini saboda minti goma sha biyar. Mai 180,000 kwanansa 6,000 ne, kashi ɗaya cikin shida ya rasa. Ga shi kuma ita ce aka ce ta iso ƙarfe shida da rabi ta share azuzuwa kafin yara su zo, lokacin da abin hawa ke wuya. Sannan sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana yankan albashi da sunan tara. Abin da ya yarda da shi shi ne a cire wani abu daidai gwargwado in ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, shi ma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na albashin. Ka soke tarar. Ka sa rajista ɗaya a bakin ƙofa, kowa ya sa hannu, har kai. Makara uku a wata gargaɗin baki, in an maimaita gargaɗi a rubuce.

Mutane da yawa ba su san wannan ba: ma'aikacin da dokar nan take nufi shi ne mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, ta cire masu gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar. Wato mai gadi da mai shara da direba, waɗanda aka fi ɗauka da baki kawai, su ne aka rubuta dokar dominsu. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba mutum takarda mai ɗauke da irin aikinsa, albashinsa, lokutan aiki, hutu, da wa'adin sallama. Shafi ɗaya ya isa. A yi ta da Hausa, a karanta masa a gaban shaida, ya sa hannu ko ya dangwala, ya tafi da kwafinsa.

Abin da za ka rubuta a ciki ba sai ka ƙirƙira ba. Hutun kwana ɗaya cikin bakwai. Hutun da ya kai awa ɗaya a yini ga mai aikin awa shida ko fiye. Hutun shekara na aƙalla ranakun aiki shida da albashi bayan wata goma sha biyu. Hutun rashin lafiya har ranakun aiki 12 a shekara in da takardar likita. Mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki. In ana ba malama, a ba mai shara.

Sai magana mai ɗaci, wadda dole ka kai wa mai makaranta: mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun Yulin 2024, kuma cikin waɗanda dokar mafi ƙarancin albashin ta ɗauke wa akwai masu ma'aikata ƙasa da 25. Ku 34 ne.

Maman Hanifa, Samaru

Baba Akawu ya gama da na takarda, Allah ya saka. Ni kan abin da ido ke gani kullum zan tsaya, don a makaranta akwai shaidu ɗaruruwa da ba a lissafawa, wato yara. Yaron da ya ji malaminsa ya ce "kai mai gadi, buɗe" zai faɗa gobe, kuma ba za ka iya dukansa a kai ba, don koya masa aka yi.

Suna shi ne farko. A tambayi kowa sunan da yake so a kira shi, a rubuta jerin ma'aikata duka 34 a allo ɗaya a ofis, da Malam ko Malama a gaban kowane suna. Dattijon nan Baba ne, a bakin kowa, har mai makaranta. A taron safe na ranar Litinin ta farkon zango a gabatar da su ga yara kamar yadda ake gabatar da sabon malami. Kada a yi dogon wa'azi a kai, kunya za ka ba su. Kai dai in ka iso da safe ka tsaya a ƙofa ka gaida Baba da kyau, ka tambayi kwanan iyali, malamai suna kallo. Mako biyu ya isa su gane iskar ta canja. Wanda ya ƙi ganewa ka kira shi ofis shi kaɗai.

Na biyu aike. Nan ne raini ya fi ɓuya, don ba wanda yake ganinsa laifi. Malama ta miƙa wa mai raino kuɗi ta sayo mata awara, malam ya ce wa mai gadi ya wanke masa babur, a tura direba ya kai cefane gidan wani. In mai gadi ya bar ƙofa ya tafi sayen katin waya, yaro ya fice titi, wa za a kama? Shi. Doka ɗaya: ba aiken kai a lokacin aiki. Bayan an tashi, in wani yana son a yi masa wani abu, ya roƙa, ya biya, kuma wanda aka roƙa yana da damar ya ce a'a ba tare da ya ga canjin fuska gobe ba. Wannan dokar ta fi aiki in an fara ta daga gidan mai makaranta, ko da yake na san nan ne za ka sha wuya.

Banɗaki kuwa abin dariya ne in ba don takaici ba: wadda take wanke shi ita ce ba ta da izinin shiga. A raba na maza da na mata, shi ke nan, makulli a rataye inda kowane ma'aikaci zai ɗauka. Haka ruwan sha, haka inuwar da ake zama a ci abinci.

Kayan aiki ma mutunci ne. Mai shara tana buƙatar safar hannu ta roba, takalmin ruwa, da abin rufe hanci lokacin ƙurar hunturu. A kuma gaya mata a sarari kada ta haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai mai asid a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum, balle a ɗan ƙaramin banɗaki marar taga. Mai gadin dare kuma, duk wanda ya san sanyin Zariya a Disamba da Janairu ba sai an yi masa bayani ba: rigar sanyi mai kauri, tocila mai caji, gidan sauro na damina, benci, da ɗan ɗaki mai ƙofa. Sau da yawa sai ka ga an kashe kuɗi a labulen ofis, mai tsaron ofishin yana kwana a kan kwali.

Sanarwa kuma kada ta tsaya a WhatsApp. Wasu ƙaramar waya gare su, wasu ba sa karanta Turanci. Sai a ɗaga ranar komawa hutu, kowa ya sani ban da mai shara, ta biya kuɗin mota daga Dogarawa ta tarar da ƙofa a rufe. A sa mutum ɗaya, ko sakatariya, alhakin kiran su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Kwangila

Ni fa ina ganin kada a yi saurin watsar da maganar mai makarantar. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai bai faɗi daga ina rainin yake zuwa ba.

Gaisuwa ba ta jawo raini. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Abin da ke jawo shi abu uku ne. Manaja ya ga laifi ya kau da kai don yana jin nauyin dattijo. Ko ya zauna a bencin ƙofa ana gulmar malamai da shi. Ko ya riƙa ranta wa wasu kuɗi daga aljihunsa yana hana wasu. Duk wanda ya yi ɗayan ukun nan, wata shida ba za ta cika ba sai ya ba da umarni an tsaya ana duban sa.

Saboda haka mutuntawa ba ta nufin a sassauta wa na ƙasa. Tana nufin mataki ɗaya ga kowa. In Baba mai gadi ya yi barci har aka tsallako katanga, za a kira shi ofis, a rufe ƙofa, a ba shi kujera, a faɗa masa abin da aka gani da ranar da aka gani, a saurari nasa, a rubuta. In hedimasta ya yi kwana biyu bai zo ba babu sanarwa, kujerar nan dai zai zauna, takardar neman ba'asin nan dai za a ba shi. Abin da ake yi yanzu a wurare da yawa shi ne babba a yi masa magana a asirce cikin lallashi, ƙarami a daka masa tsawa a tsakar fili gaban yara. Ka mayar da na kowa asirce, kada ka mayar da na kowa tsawa.

Amma kafin ka hukunta mai gadi kan barci, duba jadawalinsa. Mako awa 168 ne. Mutum biyu, kowanne awa 84, babu ranar hutu. Wa zai yi haka bai gyangyaɗa ba? Da mutum na uku sai ya koma awa 56 kowanne, kowa ya samu ranarsa. In ba halin ɗaukar cikakke, a samo mai karɓa na kwana biyu a mako.

Sannan ka lura da na tsakiya. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Yawanci ba mai wuri ne ke wulaƙanta mai shara ba, wanda ya ɗara ta da taki ɗaya ne: akanta mai cewa "ki dawo gobe" alhali kuɗin yana aljihun tebur, ko malamin da bai daɗe da fara aiki ba. Kuma a nan akwai gyara ta ɗaya ɓangaren. Kada don kana son na ƙasa ka riƙa karɓar ƙararsu kana kunyata hedimasta a gabansu, shi ma ma'aikaci ne, shi ma yana da mutunci. Kowane ma'aikaci ya san mutum ɗaya da yake karɓar umarni daga gare shi. Mai shara da malamai 22 ke aika, iyayen gida 22 gare ta, ba yadda za ta yi ta gamsar da su.

Malam na Ƙofar Doka

Allah ya ƙara basira. Abin da 'yan'uwa suka faɗa yana da asali a wurinmu tun kafin dokar gwamnati. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Buhari da Muslim ya kira waɗanda ke ƙarƙashin mutum 'yan'uwansa, ya ce a ciyar da su daga abin da ake ci, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taimaka musu. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. A Buhari kuma an ambaci wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama cin aikinsa ya hana shi lada cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama. In mai makarantar ba ya jin lissafin Malam Akawu, wataƙila ya ji wannan.

Abu ɗaya zan ƙara da ba a taɓo ba: sha'ani. In mahaifiyar malami ta rasu ana cika motar makaranta a je gaisuwa, a haɗa gudummawa. In ta mai shara ce sai a ce "Allah ya ji ƙanta" a bakin ƙofa, a tambaye ta yaushe za ta dawo. A kafa asusu, a rubuta adadi ɗaya na rasuwa, ɗaya na haihuwa, ɗaya na aure, ba ruwansa da muƙami. Zubin kuwa ya bi albashi, misali kashi ɗaya cikin ɗari, kuma da yardar mutum. Kayan azumi da na salla ma mudu ɗaya. Abokan aikinku Kirista kuma a yi musu daidai da haka a Kirsimeti.

Sabon Manaja, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura abu ɗaya. A makon nan wayar wata malama ta ɓata a ofishin malamai, tana so a caje jakar masu shara. Na ce ta dakata. Me ya kamata? Kuma maganar 70,000, na san ba zai yarda a tashi ɗaya ba.

Tsohon Akawu, Sabon Gari

Ka yi daidai da ka dakatar. Ofishin da mutum ashirin da wani abu ke shiga, da wace hujja za a ware uku? Fara da rubuta lokacin da ta ga wayar na ƙarshe da lokacin da ta neme ta ta rasa, sannan sunan duk wanda ya shiga tsakanin, har ɗalibai masu kawo littattafai. A kira layin, a duba aljihunan tebur da cikin tarin takardun jarrabawa, don a nan rabin wayoyin da aka "sace" suke fitowa. In dole sai an duba jaka, to ta kowa da ke cikin jerin, da yardarsa, a ɗaki, mace ta duba mace, da shaida. Wanda ya ƙi ba a tilasta masa, ba kai ne ɗan sanda ba. Kada a tsare kowa a ɗaki, kada a sa rantsuwa a gaban jama'a, kada a taɓa albashin kowa a kan zato. In an caje mace ba a samu komai ba, kalmar ɓarauniya ta riga ta bi ta har unguwarsu, haƙurin da za a ba ta a ofis ba ya zuwa can. Daga yanzu kuma a sa ƙa'ida: kuɗi da waya kowa ya riƙe nasa, ko a samar da akwati mai makulli.

Ko sallama ta kama wata rana, sashe na 11 ya tsara wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye, ko a biya kuɗin wa'adin. "Kada ka dawo gobe" ba sallama ba ce. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kaduna, kuma mai gadi yana da damar shigar da ƙara kamar yadda hedimasta yake da ita.

Maganar albashi, kada ka je masa da wa'azi, je masa da takarda. Daga 45,000 zuwa 70,000 ƙarin 25,000 ne, sau takwas 200,000 a wata, miliyan 2.4 a shekara. Raba wannan da yawan ɗalibanku da zango uku, ya ga nawa ne a kan kowane yaro. Duba kuma ko cikin malamai akwai waɗanda ba su kai 70,000 ba, don in ka ɗaga mai shara ta tarar da malamar aji ɗaya, ka buɗe wata rigimar, sai a gyara jadawalin gaba ɗaya. Ka sa masa har da fansho, tunda dokar fansho ta 2014 ta hau kan mai ma'aikata 15 zuwa sama, kashi 10 daga mai aiki, 8 daga ma'aikaci, da kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi da ake biya wa NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki. Direban da ke ɗaukar yara a hanyar Samaru kullum ya fi kowa buƙatar wannan na ƙarshen.

In ya ce sai sabuwar shekarar karatu, lokacin da ake gyara kuɗin makaranta, ka nemi ya sa rana a rubuce, ka sani dai doka ba ta jira shi ba. Amma ranar biya, tara, makullin banɗaki, aike da suna, ba ko ɗaya da ke cin kwabo. Waɗannan ka fara su ranar Litinin.